Faifan da Ellis Bai Taɓa Ji Ba

"Ba zai zo ba, Verity."

Na zare abin sauraro daga kunnuwana na waiwaya. Furodusana Lucian ne tsaye a ƙofar sutudiyo riƙe da wata farar ambulan, ya yi fuskar tausayi irin wadda ban taɓa ganinsa da ita ba.

"Wa ye ba zai zo ba?"

"Kin fi ni sani."

Na dubi fiyanon da ke kusurwar ɗakin. Ƙarfe sha ɗaya saura na safe, murfin a rufe, kujerar babu kowa. Shekara shida ina waƙa Ellis yana kaɗa mini, ko sau ɗaya bai taɓa barina ina jiransa ba.

"Jirgin ƙasa ne ya ɓata masa lokaci," na ce. "Ka san halin layinsu..."

Lucian ya miƙo mini ambulan ɗin.

"Mai gadi ya bar wa, tun da sassafe."

Rubutunsa ne, mai karkata kamar zai faɗi.

Vee, na koma gida. Ki gama faifanki, kada ki neme ni. Ki yafe mini.

Sau huɗu na karanta. Na zauna a ƙasa tsakanin wayoyi, ina kallon zoben alkawarin da ya saka mini a yatsa wata biyu da suka wuce.

Ni da Ellis Marfleet 'yan garin Grimsby ne a Ingila, layi biyu ne tsakanin gidajenmu. Ina da shekara goma sha tara ina sayar da kifi da soyayyen dankali a wani shago kusa da tasha, ranar Asabar kuma in je in yi waƙa a zauren ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Shi ke kaɗa tsohon fiyanon wurin. Ranar farko da na sauko daga dandamali ya tare ni yana murmushi.

"Muryarki ta fi ƙarfin zauren nan. Sai dai kina warin man suya."

"Kai kuma yatsunka sun fi bakinka hankali."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar ban ƙara waƙa da wani makaɗi ba, har zuwa safiyar takardar nan.

Faifaina na farko a ɗakin bayan gidan kawunsa muka tsara shi, da bargo a jikin taga don kada ƙarar motoci ta shigo. Ba mu zaci zai wuce garinmu ba. Sai ga shi gidajen rediyon ƙasar nan duka sun ɗauka, musamman wata waƙa mai suna "Kofi Biyu". Ita ce ta ɗaga ni, ita ce kuma ta jawo mini baƙin jini a gidan su Ellis.

Mahaifinsa masunci ne. Teku ta cinye shi Ellis yana da shekara tara, ko gawarsa ba a samu ba. Wata rana muna zaune a bakin ruwa Ellis ya gaya mini cewa har yanzu mahaifiyarsa kofi biyu take fitarwa kowace safiya, ta zuba shayi a duka biyun, ta sha ɗaya, ta zubar da ɗaya. Ni kuwa yarinta ta sa na ɗauki maganar na zuba a waƙa. Ban ambaci suna ba, amma a Grimsby wa ke buƙatar suna?

A kanti ta fara jin waƙar, tana tsaye a layin biya, maƙwabta na satar kallonta.

Da na je ba ta haƙuri, a bakin ƙofa ta tsayar da ni.

"Misis Marfleet, wallahi ban yi don in..."

"Kin sayar da hawayena, yarinya. Shekara goma sha biyar ina ɓoye abina, kin kai shi kasuwa."

"Ki yafe mini."

"Ɗana dai ba zan iya hana shi binki ba, ya girma. Amma ki sani, da yardata ba za ki shigo gidan nan ba."

Duk da haka Ellis ya biyo ni Landan da kamfani ya kira ni aikin faifai na biyu. Ya kama ɗan ƙaramin ɗaki a kudancin gari, kullum ya shiga jirgi ya zo. Kamfanin ne ya haɗa ni da Lucian Farrant, furodusa mai suna, mai tsadaddun riguna da taushin murya. Tun satin farko ya fara aiko mini da furanni, ina mayar masa da su cikin raha. Ellis kuma yake kira "mutumin ƙauyenku".

A watannin ƙarshe na lura Ellis ya canza. In yi masa magana ya yi shiru, sai na maimaita. A gidan abinci ya zauna yana kallon bakina kamar mai neman wani abu. Sau biyu kiɗansa ya shigo waƙa a makare, abin da bai taɓa yi ba.

"Rabin raina, me ke damunka?"

"Gajiya ce, Vee."

"Ko dai ka gaji da ni ne?"

"In na gaji da numfashi sai in gaji da ke."

Na yarda. Ga shi yau ina zaune a ƙasa da takardarsa a hannu.

Lucian ya durƙusa kusa da ni.

"Ban so in gaya miki ba..."

"Faɗi."

"Ya daɗe yana ce mini ya gaji da zama a inuwarki. Kuma ina jin akwai wata a can garinku. Na sha ganinsa yana rubuta saƙo yana ɓoye waya."

"Ƙarya ne."

"Allah ya sa ƙarya ne, Verity."

Na kira wayarsa ya fi sau hamsin, ba ya ɗauka. Na aika saƙo, shiru. Da sati uku suka cika na kasa haƙuri, na hau jirgi na tafi Grimsby. Da la'asar na isa, ana yayyafi. Kafin in ƙwanƙwasa ƙofa idona ya faɗa tagar falo.

Yana zaune a kujera. Wata mace mai jan gashi na zaune dab da shi, gwiwa da gwiwa, ta kama hannunsa tana lanƙwasa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya zuba wa fuskarta ido ko ƙiftawa ba ya yi. Irin kallon da yake yi mini.

Ƙofa ta buɗe. Misis Marfleet ce.

"Ya ce ba ya son ganinki."

"Wace ce waccan?"

"Ba ruwanki. Koma Landan ki yi waƙarki."

Ta rufe ƙofar a hankali. Da ma bugawa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

A cikin jirgin komawa na rubuta waƙar farko a bayan tikiti. "Matsoraci" na sa mata suna. Da na isa na yayyaga duk waƙoƙin da muka tsara tare da shi, na fara sababbi. Lucian ya kawo wani makaɗin, ya tsaya a kaina kamar mai kiwo.

"Ƙara zafi a nan. Kada ki tausaya masa, shi ya tausaya miki?"

Wata biyar na yi a ɗakin nan. In shiga da safe in fito da yamma muryata a dashe. Waƙa goma sha ɗaya, kowacce da abin da na jefe shi da shi. Na kira shi mayaudari. Na kira shi mai hassada. Na ce yatsunsa ma aro na ba su daraja. Wani lokacin ina tsakiyar rerawa kuka ya ƙwace mini, in ce a goge a sake, Lucian ya ce a'a, a bar shi haka.

Zoben na cire na saka a cikin akwatin magani. Na kasa jefarwa.

A watan Oktoba faifan ya fito da suna "Bayan Tafiyarka". Satin farko ya hau kan duk faya-fayen ƙasar. Mata suna rubuto mini wasiƙu, wata ta ce da shi ta samu ƙarfin barin mijin da ke dukanta. 'Yan jarida suka yi ta tambaya wa ye mutumin, na ƙi faɗa. Lucian ya kai ni cin abinci ya ce yanzu da na warke, ko zan duba maganarsa. Na ce ya ba ni lokaci. Ban warke ba, iya ɓoyewa kawai na yi.

Ranar wata Asabar a Nuwamba aka shirya in sa hannu a faya-faye a wani shagon kiɗa na Grimsby. Layi ya fita har titi. Tsofaffin ƙawayena na shagon kifi suka zo suna tsokanata, wai na manta da su. Ina ta rubutu kaina a sunkuye, sai aka ajiye wani faifai a gabana. 'Yar takardar waƙoƙin da ke cikinsa ta yi laushi, gefenta duk ya naɗe saboda yawan buɗewa.

"Wane suna zan rubuta?"

"Ellis."

Na ɗago. Misis Marfleet ce cikin tsohuwar rigar ruwanta mai ruwan toka. Ta rame.

"Rubuta masa. Karatu kaɗai ya rage masa ai."

"Ban gane ba..."

"Ɗana ya kurumce, Verity."

Alƙalamin ya suɓuce daga hannuna.

"Jijiyar kunnuwan ce ta mutu, duka biyun. Tun kuna Landan abin ya fara. Likitoci sun gwada na'ura, sun gwada komai. Yanzu ko tsawa aka yi ba ya ji."

"Matar da na gani..."

"Hester. Malamar da ke koya masa maganar hannu da karanta leɓe. Tana da miji da 'ya'ya uku."

Shagon ya juya mini. Na dafa tebur.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

Ta ɗaga haɓa ta nuna bayana, inda Lucian ke tsaye yana danna waya.

"Tambayi wancan mai ƙamshin turaren. Shi ya fara ganewa, da ya ji kiɗan na kuskurewa. Ellis ya faɗa masa gaskiya, ya ce washegari zai gaya miki. Shi kuma ya ce masa in kin sani za ki watsar da komai ki dawo jinya, ya kashe miki rayuwa ke nan. Ya ce in yana sonki ya tafi shiru." Ta ja numfashi. "Ni ma ina da nawa laifin. Na ji daɗi da ya rabu da ke, shi ya sa na rufe miki ƙofa. Ko sanin kin zo bai yi ba."

"To me ya kawo ki yau?"

"Ba don ke na zo ba. Kullum na sauko da safe sai in same shi da 'yar takardar nan yana karantawa. Ya haddace ta. Yana cin abinci kamar tsuntsu. Teku ta ɗauke mini ɗaya, ba zan zuba ido waƙa ta ɗauke mini na biyu ba."

Na miƙe. Lucian ya matso yana murmushin da yake yi wa jama'a.

"Verity, mutane na jira..."

"Ka sani?"

Ya dubi tsohuwar, ya dube ni. Murmushin ya gushe.

"Ki yi tunani da hankali. Da ya zauna, da kin samu faifan nan? Dubi layin da ke waje."

"Ka ce mini akwai wata."

"Cewa na yi ina jin akwai."

Na so in mare shi. Hannuna ya ƙi ɗaguwa, don ba shi ya rubuta waƙoƙin ba. Ni na rubuta.

"Kada ka ƙara kirana," na ce, na bi bayan Misis Marfleet muka fita ta ƙofar baya.

A gidan ƙyafar kifi na kawunsa yake aiki yanzu, can bakin tashar jiragen ruwa. Na shiga, hayaƙi ya cika mini ido. Ga shi can ƙarshen ɗaki ya ba ni baya, da farar rigar roba, yana jera kifi a kan sanduna.

"Ellis."

Bai juyo ba.

"Ellis..."

Ya ɗauki wani kifin ya rataya.

Na buɗe duk muryar da Allah ya ba ni, wadda ke cika zaure mai ɗaukar mutum dubu biyar, na kira sunansa har sauran ma'aikatan suka tsaya cak. Shi kuwa ya goge hannu a rigarsa ya ci gaba da aikinsa.

A nan na yarda.

Na taka na je na taɓa kafaɗarsa. Ya juyo a firgice. Ya daɗe yana kallona.

"Vee."

Muryarsa ta canza, ta yi ƙarfi fiye da da, tana hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba. Na fara magana da kuka a haɗe, kalmomi na tuntuɓe da juna. Ya girgiza kai.

"A hankali. Ki kalle ni. In kina kuka ba na iya karanta bakinki."

Na share fuska da hannun riga. Muka fita waje muka zauna a kan wasu akwatunan kifi, iska mai sanyi na busowa daga ruwa.

"Ka yafe mini."

"Wannan na gane," ya ce, ya ɗan yi murmushi. "Mama ce ko?"

Na gyaɗa kai.

"Na ce mata kada ta je."

"Ka karanta duka?"

"Duka goma sha ɗaya. 'Ka tafi ba sallama, matsoraci, ko ƙofar ba ka iya bugawa ba.' Kin iya rubutu, Vee. Da ma na sha gaya miki."

"Ellis, don Allah..."

"Kawu ya ce in ya saka a mota sai ya tsaya a gefen titi, wai muryarki a ciki tana sa mutum kuka. Ya ce duk wanda ya ji ya san so ne ba ƙiyayya ba." Ya dubi hannayensa, duk sun tsattsage da gishiri. "Ni kalmomin kaɗai na samu."

Na kama fuskarsa na juyo da ita gare ni, na yi magana ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da kin bar komai."

"Da na bari. Kuma da ni na zaɓa. Kai ka zaɓa mini."

Ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne. Waƙar ba ta yi ƙarya ba, tsoro na ji. Na ji tsoron ranar da za ki hau dandamali ki waiwayo, ki ga wani a kujerata, ni kuma ina ƙasa ina kallon bakinki yana motsi."

"Zan janye faifan. Zan gaya wa duniya gaskiya."

"Maganar da ta fita ba ta komawa. Kuma ban yarda ki faɗa ba. An riga an yi kasuwa da kukan Mama sau ɗaya, ba za a yi da kurumtata ba. Ba na son tausayin ƙasa guda."

"To ni fa?"

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Me mawaƙiya za ta yi da makaɗin da ba ya ji? Je ki, abin ƙaunata. Akwai garuruwa talatin da ke jiranki."

Ya koma cikin hayaƙin. Na kira shi, sai na tuna.

Na yi zagayen garuruwan, don an riga an sayar da tikiti. Kowane zaure na shiga, mutane dubbai su taya ni rera "Matsoraci" suna ɗaga hannu, ni kuma ina jin kamar da bakina nake yankan namansa. Ranar Litinin ce kaɗai hutuna. Kowace Litinin, daga duk inda nake, sai in hau jirgi in je Grimsby wajen Hester. Matar da na tsana wata takwas ita ta kama yatsuna tana lanƙwasawa.

"Ke kam yatsunki kamar itace," take cewa. "Gara ki riƙe waƙar."

In na gama darasi sai in je in tsaya a ƙofar gidansu. Litinin huɗu Ellis yana aiko cewa ba ya nan. A ta biyar, ana zuba ƙanƙara, Misis Marfleet ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Shigo, kina shigo mini da sanyi."

Yana zaune a kicin. Na tsaya a gabansa na yi masa maganar hannun da na kwana biyu ina gwadawa a gaban madubi. Ya zuba mini ido, sai ya tuntsire da dariya, irin dariyar ranar farko.

"Me na ce?"

"Kin ce kina son ki auri tukunyata."

Yana dariya hawaye na zubo masa. Ya kama yatsuna ya gyara su, ya nuna mini yadda ake faɗa daidai. Sannan ya mayar mini da amsa da nasa hannun, a hankali, yadda zan gane.

A watan Afrilu aka ɗaura auren a ofishin rajista, mu tara. Misis Marfleet ta gyara mini wuyan riga a bakin ƙofa ba tare da ta kalli idona ba.

"Daga yau Mama za ki ce. Amma kika ƙara saka gidana a waƙa, sai na karya miki ƙafa."

Shekara biyu ta yi tare da mu kafin ta rasu.

Yanzu shekara bakwai ke nan. Na daina rera "Matsoraci" a dandamali, amma rediyo bai daina ba. Jinsa bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba. Fiyanonsa na nan a falo, wani lokacin yakan zauna ya ɗora yatsu a kai ba tare da ya danna ba. Ranar da na haifi 'yarmu, ya karɓe ta tana tsala kuka, ya dube ni ya ce, "Muryarki ta ɗauko?" Na ce masa eh. Na juya fuskata bango don kada ya karanta sauran.

Jiya muna kanti wata mata ta tsayar da ni wajen kayan miya, ta kama hannuna idonta ya cika.

"Faifanki na biyu shi ya raya ni lokacin da aka yaudare ni. Wancan azzalumin da ya yi miki haka, Allah ya isar miki. Kin yi sa'a da kika samu wannan bawan Allah."

Ta yi wa Ellis murmushi ta wuce. Ta ba shi gefe tana maganar, bai ga bakinta ba. Ya gyara riƙon kwandon ya taɓa ni da gwiwar hannu.

"Me ta ce, Vee?"

Na juyo na fuskance shi sosai.

"Ta ce tana gaishe ka."